Tarihin Florence Nightingale, shugabar da ta tsaya wa nas-nas ɗinta

Duk ranar 12 ga watan Mayu za ka ga nas-nas ɗinmu na Salaga da Yendi da Bawku sun sha kayan aiki, ana ta ɗaukar hoto ana sawa a WhatsApp. Ranar Ma'aikatan Jinya ta Duniya ke nan, kuma an zaɓe ta ne saboda a irin wannan rana aka haifi Florence Nightingale, Baturiyar Ingila wadda ta kafa aikin nas irin na zamani. Abin da yawancinmu muka sani game da ita shi ne hoton nan na littafin makaranta, mace riƙe da fitila tana zagaya gadajen sojoji da dare. To amma zagayen fitilar bai cika shekara biyu ba, ita kuwa shekara 90 ta yi a duniya. Wani kaso mai yawa na ƙarfinta ta ƙarar da shi ne wajen neman amsar tambaya ɗaya: mai jinyar marar lafiya, ita wa ke kula da ita? A kan wannan nake so mu bi tarihin matar, don yanzu 'ya'yan zango da yawa suna cikin wannan aiki, wasu ma sun fara riƙe ɗakunan marasa lafiya.

Gidan da ta fito

An haife ta a 1820 a birnin Florence na ƙasar Italiya, lokacin da iyayenta ke yawon ganin duniya, sai aka sa mata sunan garin. Mahaifinta William Nightingale attajiri ne mai gidaje biyu a Ingila. Shi da kansa ya karantar da ita da yayarta Parthenope harsunan Girka da Latin da Faransanci da Jamusanci da Italiyanci, ga tarihi, ita kuma ta nace sai da aka bar ta ta zurfafa a lissafi. Abin da ake jira daga yarinya irinta bai wuce ta auri mai kuɗi ta zauna tana karɓar baƙi ba.

A 1837, tana 'yar shekara 16, ta ji a ranta cewa Allah ya kira ta ga wani aiki, sannu a hankali ta gane jinya ce. Da ta nemi izinin zuwa koyo a wani asibiti a 1845, gidan ya yamutse, uwar da yayar suka ce sam. Kuma suna da dalilinsu. A Ingila ta wancan zamani, matan da ba su da wata mafita su ne suka fi yin jinya a asibiti. Babu horo, albashi ɗan kaɗan, makwanci mummuna, ga zargin shaye-shaye a kansu. Wannan gardama mu ma mun san ta a zango. Sau nawa uba ya ce 'yarsa ba za ta yi aikin kwana a waje ba, ko ya ce wa zai aure ta? Alhali mun karanta cewa Rufaida al-Aslamiyya ta kafa tantinta a masallacin Madina tana jinyar waɗanda suka ji rauni, har a nan aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Khandaƙ.

Florence ta ƙi auren wani mai neman ta da ya daɗe yana jira, ta ci gaba da karanta rahotannin asibitoci a ɓoye. A 1851 ta samu ta je Kaiserswerth a Jamus, ta yi 'yan watanni tana koyon aiki. A 1853 mahaifinta ya yanka mata fam 500 a shekara, aka kuma ba ta shugabancin wani ƙaramin gidan jinyar mata a titin Harley da ke Landan.

Abin da ta fara yi a wannan gida ya nuna irin shugabar da za ta zama. Ta lura nas-nas sun fi ƙarar da ƙarfinsu a hawa da saukar bene, ɗauko ruwa, kai abinci, duba wanda ya kira. Sai ta sa aka ja ruwan zafi zuwa kowane hawa, aka sa na'urar ɗaga abinci daga kicin, aka haɗa ƙararrawa mai nuna ɗakin da aka yi kira. Ka ga, kafin ta ce wa kowa ya ƙara ƙwazo, sai da ta rage wa ƙafafunsu wahala. Ta kuma ja da kwamitin gidan, wanda ya so a riƙa karɓar 'yan cocin Ingila kaɗai, ta tsaya a kan a karɓi marar lafiya ko wane addini yake bi.

Sukutari

A 1854 Ingila da Faransa suka shiga yaƙin Kirimiya, suna mara wa Daular Usmaniyya baya a kan Rasha. Jaridar Times ta Landan ta fara kawo labarin yadda sojojin Ingila ke mutuwa a asibiti babu mai kula da su, mutane suka fusata. Sidney Herbert, ministan da ke kula da sha'anin yaƙi kuma abokin Florence, ya roƙe ta ta ja tawaga. Ta tashi ranar 21 ga Oktoba da mata 38, cikinsu akwai 'yan Katolika da 'yan cocin Ingila da nas-nas na asibitoci. Farkon Nuwamba suka sauka a Sukutari, wato Uskudar ta yau, unguwar Istanbul da ke tsallaken ruwa, inda aka mai da barikin Selimiye asibiti.

Abin da suka tarar sai wanda ya gani. Gini ne ƙato da aka ɗora a kan magudanan ƙazanta da suka toshe, ga ɓeraye, ga ƙwarƙwata, babu isassun barguna da riguna, babu sabulu. Su kansu an cusa su a 'yan ɗakuna kaɗan, ruwan ma sai an auna musu. Likitocin soja kuwa ba su so zuwan mata ba. A nan ta yi wani abu da ya ɓata wa nas-nas ɗinta rai: ta hana kowa shiga wurin marasa lafiya sai likita ya nema, ta zaunar da su suna ɗinki da gyaran ƙyallen ɗaure ciwo. Ta san cewa kuskure ɗaya ya isa a kore su duka, a ce dama mata ba su dace da asibitin soja ba. Ba a yi kwanaki ba jiragen ruwa suka fara sauke waɗanda suka ji rauni a faɗan Inkerman, aiki ya fi ƙarfin likitocin, da kansu suka nemi taimako.

Daga nan sai ta zama kusan ita ce ma'ajin asibitin. Da kuɗin da masu karanta Times suka tara da kuma nata, ta sa aka shiga kasuwannin Istanbul aka sayo buroshin wanke daɓe, da riguna, da cokula, da tawul. Ta kama hayar gida ta mai da shi wurin wanki, ta ɗauki matan sojoji aiki a ciki. Ta buɗe kicin na masu ciwon da ba sa iya cin abincin bariki. Da aka ce ga ɗaruruwan marasa lafiya nan tafe alhali wani ɓangaren ginin ya lalace, ta ɗauki ma'aikata Turkawa wajen 200 ta biya su suka gyara. Da dare kuma ta zauna ta rubuta wa Herbert dogayen wasiƙu, tana lissafa abin da babu da wanda ya hana a samu. Nas mai hannu biyu ba ta da amfani in babu ruwa da sabulu da ƙyalle, saboda haka samo su ta ɗauka a matsayin aikin shugaba na farko.

Labarin fitilar ma daga tsarinta ya fito. Ta hana nas-nas zama a ɗakunan sojoji bayan wajen ƙarfe takwas na dare, don kare mutuncinsu daga bakin mutane, sai ita ta riƙa yin zagayen da kanta, riƙe da irin fitilar Turkawa mai naɗewa.

Kada mai karatu ya ɗauka mace ce mai sanyin hali. Tana da zafi, tana da tsanani, ba ta son a ja da ita. Ta mai da wasu nas-nas gida saboda shaye-shaye ko rashin iya aiki. Da aka turo tawaga ta biyu a Disamba ba da saninta ba, ta yi fushi ƙwarai, kuma ta daɗe ba sa jituwa da shugabar wasu 'yan Katolika daga Ailan. Akwai kuma Mary Seacole, 'yar Jamaika mai jinin Afirka, wadda ta nemi a ɗauke ta a Landan ba a ɗauke ta ba, ta tafi Kirimiya da kuɗinta ta yi wa sojoji hidima. Amma waɗanda suka yi aiki tsakani da Allah, Florence ta riƙe su da daraja, irin su Mary Clare Moore da wata gogaggiyar nas mai suna Roberts, wadda ita ce ma ta yi jinyarta da zazzaɓi ya kusa kashe ta a Kirimiya a watan Mayun 1855.

Duk da wannan ƙoƙari, a sanyin farko sojoji sama da 4,000 suka mutu a Sukutari, mafi yawansu da zawo da kwalara da zazzaɓi, ba da raunin harsashi ba. Mutuwar ba ta ragu sosai ba sai bayan da gwamnati ta turo kwamitin tsafta a watan Maris na 1855, aka yashe magudanai, aka buɗe hanyar iska, aka gyara ruwan sha, har mushen doki aka ciro daga hanyar ruwan. Wannan darasi ya zauna mata har ƙarshen rayuwa. In gini da ruwa da tsari sun lalace, ƙoƙarin nas ba zai hana mutuwa ba, kuma zalunci ne a ɗora mata laifin. Bayan yaƙi Sarkin Musulmi na Usmaniyya, Abdulmajid, ya ba ta munduwar lu'ulu'u da kuɗi don nas-nas da asibitoci. Ba ta bar Sukutari ba sai a Yulin 1856, bayan an kwashe marasa lafiya, ta koma gida a ɓoye da sunan aro don gudun biki.

Shugabanci daga kan gado

Ta dawo da ciwon da bai sake ta ba. Daga 1857 ta shafe shekaru masu yawa a ɗaki, masana na yanzu suna ganin cutar nan ce da ake ɗauka daga ɗanyen nonon dabbobi. Daga kan gadon ta matsa har aka kafa hukumar binciken lafiyar soja, ta haɗa kai da masanin ƙididdiga William Farr, ta zana alƙaluman mace-mace yadda ko wanda bai iya lissafi ba zai gane. A 1858 ta zama mace ta farko da ƙungiyar masana ƙididdiga ta Landan ta karɓa.

Jama'a sun tara mata sama da fam 44,000 don godiya. Da su aka buɗe makarantar horon nas a asibitin St Thomas na Landan a 1860, da ɗalibai 15, a ƙarƙashin babbar nas Sarah Wardroper. Dubi abin da aka tanadar wa ɗaliba: ɗakinta na kanta, abinci, kayan aiki, da fam 10 a shekara. Sai kuma ƙa'idar da ta fi kowace muhimmanci a wurin Florence, cewa nas tana bin umarnin likita a kan magani, amma horonta da ladabtar da ita da tsara aikinta suna hannun babbar nas, wadda ita ma ta yi aikin ta san nauyinsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. A littafinta na jinya da ya fito a wannan lokaci ta ware babi guda a kan riƙon aiki, inda ta nuna cewa ana gane shugaba ne da yadda abubuwa ke tafiya ranar da ba ya nan.

Abu biyu suka ƙara buɗe mata ido. Na farko mutuwar Agnes Jones, ɗaya daga cikin ɗalibanta mafi ƙwazo. A 1865 aka tura Agnes da nas-nas 12 zuwa asibitin gidan gajiyayyu na Liverpool, mai marasa lafiya sama da dubu. Ta gyara wurin, amma aiki ya cinye ta, zazzaɓin ƙwarƙwata ya kama ta, ta rasu a Fabrairun 1868 tana da shekara 35. Na biyu, a farkon shekarun 1870 Florence ta binciki makarantarta ta gano ana morar ɗalibai da aikin ɗaki, karatun kuwa ya yi ƙaranci, wasu na faɗuwa ciwo, wasu na gudu. Ba ta rufa wa makarantar asiri don sunanta na kai ba. Ta sa aka tsara laccoci, aka kuma ƙirƙiro muƙamin wata babbar nas da za ta zauna da ɗalibai a gidan kwanansu, ta duba karatunsu da lafiyarsu da damuwarsu. Mary Crossland ta riƙe wannan muƙami kimanin shekara 20.

Ita kanta ta shiga kiran ɗaliban ɗaya bayan ɗaya zuwa gidanta, a sha shayi, ta tambaye su yadda aiki yake, ta rubuta abin da ta fahimta game da kowace. Daga 1872 ta riƙa aika musu da wasiƙar nasiha kusan kowace shekara. In za a tura nas wani sabon asibiti, ta fi son a tura su a ƙungiya tare da shugabarsu, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Haka aka tura Lucy Osburn da abokan aikinta zuwa Sidni ta Ostireliya a 1868, aka tura wata tawagar zuwa Edinbara a 1872. Kuma ba a turawa a manta. Tana bin su da wasiƙu da littattafai da abinci, in sun gaji ta nema musu wurin hutu a gidajen danginta, in hukumar asibiti ta taso musu ta tsaya musu.

Ba a kowace magana ta yi daidai ba. Ta yi adawa da rajistar nas-nas ta gwamnati, tana ganin takarda ba ta auna hali. Bayan rasuwarta Ingila ta kafa dokar rajista a 1919, yau kuma a Gana ba mai taɓa marar lafiya da sunan nas sai da lasisin hukuma.

Yadda abin ya iso gare mu

Tsarin nan ya biyo Turawan mulki zuwa ƙasashenmu. A nan Gana an buɗe makarantar horon nas masu rajista a Kumasi a 1945, daga baya aka mai da ita Korle Bu a Akra. Docia Kisseih ta zama 'yar ƙasa ta farko da ta shugabanci nas-nas na Gana a 1961, manya za su tuna hotonta a tsohuwar takardar sidi 100. A Najeriya kuwa Kofoworola Pratt, wadda malamar makaranta ce tun farko, ta shiga makarantar Nightingale ɗin kanta a 1946, ta dawo ta zama shugabar nas-nas ta ƙasa a 1965. Yau ga kwaleji a Kpembe kusa da Salaga, ga ta Yendi, ga ta Bawku, inda asibitin Presbyterian ke karɓar marasa lafiya har daga Burkina Faso da Togo.

Ni malanta na karanta, ban san allura ba. Amma a kwalejin horon malamai, lokacin koyarwar gwaji, mun ga yadda malami ɗaya da aka damƙa ka a hannunsa ke iya sa ka so aikin ko ka tsane shi har abada. Tsofaffin ɗalibaina da suka zama nas, labarinsu ke nan in sun zo gaisuwa. Wata ta ba ni labarin shugabar ɗakinsu ta farko, wadda ke yi mata tsawa a gaban marasa lafiya, har ta kai in ta yi kuskure sai ta ɓoye. Da aka sauya mata ɗaki ta faɗa hannun wata wadda ke jan ta gefe ta gyara mata, ta tsaya a bayanta ranar da ta fara sa wa jariri ruwa, ta kuma duba jadawali da azumi don kowa ya samu ya sha ruwa. Asibiti ɗaya, albashi ɗaya, amma a ɗaki na biyu yarinyar ta daina tunanin barin aiki. Ku lura da maganar ɓoye kuskuren nan, don wanda ke kwance a gado shi ke biyan kuɗinta, kuma yana iya zama uwata ko taka.

Mun san halin da arewa ke ciki. Ana turo ma'aikata su ƙi zuwa, waɗanda suka ƙware suna neman hanyar Ingila, da zafi ga sanƙarau, da damina ga zazzaɓin cizon sauro. Shugabar ɗaki ba ta da ikon ƙara albashi. Amma tana da ikon raba aikin dare da adalci, ta rubuta abin da ya ƙare ta bi shi ofis-ofis har a kawo, ta shiga tsakani in ɗan uwan marar lafiya ya taso wa ƙaramar nas da zagi, ta tambayi wadda aka turo daga kudu ko ta samu ɗaki. Mu ma 'yan zango da ke cika asibiti lokacin dubiya muna da namu kason. Nas ɗin da muke ɗaga wa murya, wataƙila tun daren jiya ba ta zauna ba.

Rasuwarta

Sarauniya Victoria ta ba ta lambar girma a 1883. A 1907 ta zama mace ta farko da aka ba lambar yabo ta Order of Merit, lokacin idonta ya tafi, tunaninta ma ya yi rauni. Ta rasu a gidanta na Landan ranar 13 ga Agusta 1910. An nemi a binne ta a Westminster tare da sarakuna da manyan ƙasa, danginta suka ƙi saboda wasiyyarta, aka kai ta maƙabartar iyayenta a ƙauyen East Wellow. A jikin dutsen kabarin, haruffan farko na sunanta ne kawai da ranar haihuwa da ta rasuwa. Ta bar dubban wasiƙu a ɗakunan adana tarihi, kuma da yawa daga cikinsu zuwa ga nas-nas ne, tana tambayar aikinsu da lafiyarsu da abin da suka rasa.

'Yan uwana mata da maza da aka ba riƙon ɗaki a asibitocinmu, wannan gadon ya fi fitilar sauƙin ɗauka, kuma ba ya bukatar kasafin kuɗi daga Akra. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa masu jinyarsu da alheri.